Mai Daddawa da Iskar da ke Cikin Karan Dawa

Daga ƙarshen Nuwamba, duk hanyar da mutum ya biyo zuwa Daura, ta Sandamu, ta Zango ko ta Mai'aduwa, ba zai rasa amalanken shanu ɗauke da kara ba. Na gero ya riga ya shiga gida tun farkon kaka, na dawa ke biyo baya. Harawar wake kuwa an ɗaure ta dami-dami an ɗora bisa soro, ko tsakanin rassan bishiya inda bakin akuya ba zai kai ba. To, wannan karan da muke gani, akwai masu bincike a Indiya da Sin da Turai, da wasu a jami'o'inmu na gida, da suka daɗe suna neman hanyar fitar da makamashin mota da na lantarki daga cikinsa. Abin da suke nema iska ce mai suna haidurojin, ma'aikatan da suka ɗauka domin aikin kuwa ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani.

Haidurojin ita ce mafi rashin nauyi a duk iskokin da Allah Ya halitta. In ta ƙone ba ta barin hayaƙi ko toka, ruwa take komawa. Kilo 1 nata yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa kai na lita 4 na fetur. Mai karatu zai iya ɗauka baƙuwa ce a ƙasarmu, alhali duk damina sai ta shigo kasuwar Daura a cikin buhu: da ita ake haɗa takin yuriya, a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2022. Duniya na samar da sama da tan miliyan 90 na haidurojin kowace shekara, kusan duka daga iskar gas da kwal, kuma kowane kilo da aka ciro daga gas yana sakin wajen kilo 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Shi ya sa ake neman wata hanyar. Akwai ta raba ruwa ta amfani da lantarkin hasken rana. Akwai kuma wadda ta shafi manomi kai tsaye, ta jiƙa ragowar amfanin gona a bar ƙwayoyin halitta su ruɓar da ita a cikin duhu.

Wanda yake son fahimtar wannan hanya ta biyu ba sai ya je Jamus ba. Ya shiga lungunan Kusugu ya tambayi gidan da ake daddawa.

Kalwa iri ce mai taurin kai. Ɓawonta baƙi ne mai ƙarfi, abin da ake so yana ciki a kulle. Mai daddawa takan ɗora ta a wuta tun la'asar, ta yi ta tura itace tana ƙara ruwa, wani lokaci har gari ya waye, awa 12 ko fiye, kafin ɓawon ya saki. Ta zuba a turmi ta surfa, wasu da ɗan toka ko yashi, ta wanke, ta rege, ta tsince tsakuwa da ƙwayoyin da suka ƙi dahuwa. Ta sake mayarwa wuta na ɗan lokaci. Sannan tun da zafinta ta tsane ta, ta juye a kwando ko masaki, ta lulluɓe da ganye da buhu da tsummoki, ta kai ƙuryar ɗaki. Kwana 2 zuwa 3 ba mai buɗewa, yaran gida ma sun san wannan doka. In lokaci ya yi kalwar ta yi laushi, ta yi yauƙi, ta sauya launi, warin nan ya tashi, sai ka ji an ce ta yi.

Wa ya yi aikin waɗannan kwanaki da kwando yake rufe? A farkon shekarun 1980 wani masani a Jami'ar Ibadan, Odunfa, ya bi diddigin abin, ya nuna cewa jigon aikin wata bakteriya ce da ake kira Bacillus subtilis. Abin sha'awa game da ita, tafasa ba ta cika kashe ta ba. In wuya ta yi wuya sai ta dunƙule kanta cikin wani ɓawo mai tauri, ta yi lamo kamar ta mutu, ta jira. Sauran ƙwayoyin da za su iya ɓata kalwa, su sa ta funfuna ko ta zama cuta, yawancinsu ba sa jure wutar. Saboda haka da an sauke tukunya an rufe kwando, fili ya zama nata, ita da 'yan'uwanta da ke maƙale a jikin kwandon tun aikin baya. Mai daddawa ba ta taɓa ganin ma'aikatanta ba, amma ta san yadda ake korar waɗanda ba ta so, ta kuma san ɗumin da waɗanda take so ke buƙata. Wannan ilimi ne cikakke, gadon inna da kaka, kuma a ganina makarantunmu ba su ba shi girman da ya cancanta ba.

Masu neman haidurojin sawunta suke bi, kusan taki-taki. Karan dawa ma abincinsa a kulle yake. Kusan kashi 2 cikin 3 na busasshen kara sukari ne da aka sarƙe ya zama zare, wanda masana ke kira selulos da hemiselulos, amma an naɗe zaren da wani abu mai suna lignin. Shi ke ba kara ƙarfin tsayuwa gaban iskar hadari, shi ne kuma ke hana ƙwayoyin halitta kaiwa ga abincin. Don haka sai an daddatse karan an niƙa, an dafa shi da ruwan soda ko asid marar ƙarfi, ko an turara shi da tururi mai tsananin zafi, kafin a zuba masa sinadaran enzayim da za su warware zaren ya koma sukari. Kwatankwacin dahuwar dare da surfen kalwa ke nan. In hannu ya yi nauyi, asid ya yi yawa, wani kaso na sukarin kan lalace ya rikiɗe ya zama sinadaran da ke gurgunta ƙwayoyin da ake jira su yi aiki.

A mataki na biyu ne kamar ta fi ba ni mamaki. A kashin shanu, a lakar ƙasan kududdufi, a tumbin saniya, akwai bakteriya 'yan gidan Clostridium da ke cin sukari inda babu iskar shaƙa, su fitar da haidurojin. Louis Pasteur ne a Faransa ya fara bayyana irinsu a 1861, ya nuna wa duniya akwai rayuwar da ba ta buƙatar iska. Sai dai ba su kaɗai ke zaune a wurin ba. Tare da su akwai wasu halittun da abincinsu haidurojin ɗin ce kanta: tana fitowa su haɗiye, su mayar da ita iskar mitan. Abin da ke gudana ke nan a cikin kowace saniya da aka kora kasuwar Mai'aduwa, shi ya sa gyatsarta take ɗauke da mitan. To yaya za a raba masu yi da masu ci? A tafasa. Masu bincike kan ɗebi kashin shanu ko laka su dafa a zafin da ya kai digiri 100, daga 'yan mintoci zuwa awa 1 ko 2. Masu yin mitan ba su da ɓawon ɓuya, sai su mutu. Clostridium kuwa, kamar bakteriyar daddawa, ta dunƙule ta jira. In aka zuba wannan dafaffen iri cikin tankin da ke da sukarin kara, aka toshe, aka riƙe ɗumi a wajen digiri 35 zuwa 37, cikin yini guda kumfa zai fara tashi. Kimanin rabin iskar da ke fitowa haidurojin ce, sauran kabon.

Akwai inda hanyoyin biyu suka rabu, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce. Bakteriyar daddawa tana son ɗan iska, shi ya sa kwando da ganye suka dace da ita. Ta haidurojin kuwa iskar shaƙa guba ce a gare ta, tanki sai ya toshu ruf. A daddawa furotin ake narkarwa, abin yana karkata ne wajen kanwa-kanwa, warin da ke sukar hanci amoniya ce. Tankin haidurojin wajen tsami yake gangarawa, in tsamin ya wuce kima aiki ya tsaya cak, don haka dole a riƙe ma'aunin tsami na pH tsakanin 5 da 6. Dole kuma a riƙa janye iskar tana fitowa, domin in ta taru a kansu ƙwayoyin kan sauya hanya su koma yin barasa da wasu abubuwan da ba a nema ba. Mai daddawa in ta rufe kwando ta tafi sabgarta. Mai tanki ba shi da wannan hutun.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Babu mai daddawar da ta daɗe a sana'a ba tare da ta iya lissafin itace ba. Ta san kwano nawa na kalwa ta auno, musamman yanzu da ɗorawa ta yi ƙaranci a gonakinmu na arewa. Ta san itacen nawa wutar dare ta ci, ta san jarka nawa mai ga-ruwa ya sauke. Kafin ta kirɓa ta shanya ta riga ta san ko za ta fita. Kuma sana'ar tana fita ne saboda daddawa abin ɗanɗano ce, 'yar kaɗan ta ishi miyar kukar gida guda, don haka ana sayenta da daraja. Makamashi kuwa da yawa ake son sa, kuma da araha.

Bari mu yi wa kara irin lissafinta. Tun 1977 wani masanin ƙwayoyin halitta Bajamushe, Rudolf Thauer, da abokan aikinsa suka fayyace iyakar abin da irin wannan ruɓawa za ta iya bayarwa: daga giram 180 na sukari, giram 8 na haidurojin, ba ƙari. A aikace rabin hakan aka fi samu. Tan 1 na busasshen kara, ko da an yi sa'ar warware zarensa gaba ɗaya, sukarin ba zai wuce wajen kilo 600 ba. Wato iyakar iyaka kilo 27 na haidurojin, abin da ya fi kusa da zahiri kuma wajen kilo 13, kwatankwacin lita 50 na fetur. Da a murhu aka ƙone tan ɗin, zafin da zai fita ya ninka wannan kusan sau 10. Kuma fa ba mu cire wutar da aka dafa karan da ita ba, da lantarkin injin niƙa, da kuɗin soda da enzayim, da na matse iskar a tukunyar ƙarfe. Wannan lissafin ne ya riƙe aikin a ɗakunan gwaje-gwaje da 'yan ƙananan masana'antun gwaji shekara da shekaru. An samo wata bakteriya a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Niyu Zilan, Caldicellulosiruptor saccharolyticus, wadda ke iya cin zaren kara da kanta har ta kusanci iyakar Thauer. Amma a digiri 70 take aiki, kuma riƙe tanki a wannan zafi dare da rana wani itacen ne daban.

Sauran ƙarfin bai ɓata ba, yana nan cikin ruwan tsamin da ya rage a tanki: asid irin na khal, da wanda ke ba tsohon man shanu warinsa. Nan ne masana suka yi dabarar da na fi amincewa da ita. A tsiyaye ruwan tsamin zuwa tanki na biyu, a bar wa waɗancan masu yin mitan da aka kora da farko. Tsami abincinsu ne. Su mayar da shi iskar girki, abin da ya kwanta a ƙasa kuma taki ne mai kyau da za a mayar gona. Tanki biyu a jere suna kwato kaso mai yawa na ƙarfin da tanki ɗaya zai bari, kuma mitan da aka cakuɗa da ɗan haidurojin ta fi ci da kyau a inji.

Sai tambayar da takardun bincike da yawa ke tsallakewa: karan na wa ne? A cikinsu ana kiran sa shara, kuma a wasu wuraren gaskiya ce. A Panjab ta Indiya manoma kan cinna wa tattakar shinkafa wuta a Oktoba da Nuwamba don su samu shuka alkama a kan lokaci, hayaƙin ya turnuƙe har birnin Delhi. Wanda ya samo wa wannan tattaka amfani ya taimaki kowa. A ƙasar Daura kuwa kara dukiya ne, kuma kowane sili da mai jiransa. Da shi ake danga da rumfa, da shi ake hura wutar tuwo a gidan da kuɗin itace ya gagara, tokarsa ma ba a zubarwa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, shi ke riƙe ran shanun huɗa da tumakin da ake kiwo domin Babbar Sallah. Harawa kuwa kuɗi ce tsaba, a ƙarshen rani mai ita ke faɗin farashi. Ɗan abin da aka bari a gona ma ba asara ba ne. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an yi gwaje-gwaje na shekaru a ƙasa mai yashi irin tamu, aka ga karan gero da aka shimfiɗe a gona yana rage rairayin da iska ke kwashewa, yana kuma ƙara amfanin damina mai zuwa. Duk wanda zai kafa masana'antar da za ta riƙa sayen kara tan-tan a Baure ko Zango, da bakin dabbobin talaka zai yi takara, kuma mun san wanda zai fi ƙarfin aljihu. Wannan ne tsorona, ba na kuma ɓoye shi.

Ga kuma ruwa. Irin wannan tanki, kusan kashi 9 cikin 10 na abin da ke cikinsa ruwa ne. Garin da tarihinsa ya ginu a kan rijiya, inda aka ce maciji ya hana mutanen sarauniya Daurama ɗiban ruwan Kusugu sai ranar Juma'a har zuwan Bayajida, bai kamata a koya masa tambayar inda ruwa zai fito ba. Ruwan samanmu na 'yan watanni ne, madatsun Sabke da Daberam kuma da masu jiransu, na sha da na noman rani. Duk tsarin da bai tanadi sake juya ruwansa ba, bai dace da nan ba.

Ita kanta iskar ba ta zama a gida da sauƙi. Tana zurarewa ta kafar da gas ɗin girki ba zai bi ba, tana kamawa da wuta in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, kuma harshenta da ƙyar ake ganinsa da rana. Motocin da ke aiki da ita, irin Toyota Mirai da ta fito a 2014, a tukwane na musamman suke ɗauke da ita, a matse ninkin matsin iskar sarari sau 700. Wannan kayan masana'anta ne da ƙwararru, ba na madafi ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe littafin. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mai injin markaɗe da mai injin ban-ruwa sun san abin da wannan ya yi musu. Ɗan garin nan ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya tsaya a taron sauyin yanayi na Gilasgo a Nuwamba 2021 ya ɗaukar wa Nijeriya alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, kuma shirin sauya makamashi da aka ƙaddamar a Agusta 2022 ya sa haidurojin a lissafi. Maƙwabta ma ba su zauna ba: cibiyar WASCAL, da tallafin Jamus, tana horar da ɗaliban Afirka ta Yamma a digiri na biyu kan haidurojin, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na cikin masu karɓarsu, reshen makamashin tsirrai kuma yana Lome. In za a yi wannan tafiya, gara a yi ta da mutanen da suka san darajar dami.

Abin da nake so a fara da shi shi ne abin da ba mai so. Tumatir da mangwaron da ke ruɓewa a kasuwa lokacin kakarsu, ragowar abincin makarantun kwana, ruwan da masu gasara ke zubarwa a kwata: waɗannan sukarinsu a fili yake, ba sa buƙatar dahuwar dare. Buntun shinkafa da ke tsibi a bakin injina bai dace da ruɓawa ba, ya cika tauri da yashi-yashi, wata hanyar ta fi masa. Kashin shanu da abin cikin tumbi daga mahauta su ne abincin tanki na biyu, kuma wannan ɓangaren ba sabo ba ne: Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gina ramukan iskar girki daga kashin dabbobi, a Sin da Indiya kuwa gidaje miliyoyi ke girki da ita. A fara tsayar da wannan a mahautar gari ko a madafin makaranta, a ga ya shekara yana ci ba tare da ya mutu ba, a koyi gyaransa da kayan da ake samu a kasuwa. Tankin haidurojin sai ya zo daga baya, a jona shi a gaba.

Wuraren da za a yi binciken kuma suna nan kusa. Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a 2019, wadda makamashin ababen hawa ya shafe ta kai tsaye. A Katsina kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa na da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa. Gwajin farko ba ya cin kuɗi sosai: kwalabe masu toshiya, kashin shanu da aka tafasa, ma'aunin tsami, sirinjin auna iska, da wani ɗakin gwaji da zai tantance kason haidurojin a ciki. Ɗalibi zai iya gwada karan gero da na kaura da na farafara, da ɓawon gyaɗa, ya kuma gwada ko ruwan toka da kanwa za su iya tsayawa a madadin sodar da ake saye, tunda dukkansu aikinsu ɗaya ne wajen sassauta abu mai tauri. Zafin garinmu ma taimako ne, domin watanni da yawa na shekara tanki ba zai nemi a ɗumama shi ba, sai dai a lulluɓe shi da hunturu. Sharaɗi ɗaya zan roƙi malaminsa ya gindaya masa: kusa da kowane adadin iskar da ya rubuta, ya rubuta kuɗin damin karan a watan Afrilu, da wutar da ya ƙona wajen dafa shi, da yawan jarkokin ruwan da suka shiga.